Tumbin Uwar Yara

Ni mai faci ne. Tun ina saurayi na san ba a yar da tsohon tub, don daga jikinsa ake yanko abin da za a liƙe wani. A shago ban taɓa karya wannan doka ba. A gida kuwa na sa wa tumbin matata ido.

Haihuwa ce ta bar mata shi, ni kuma bakina ba linzami. In ta sunkuya ɗaukar bokiti sai in ce, "Randa, a hankali, kar ki tuntsure." Na sayo mata shayin rage ƙiba, na sayo ɗamarar roba. Ita dai sai ta ce, "Baban yara, wanda ya cika randar shi ya fi kowa surutu."

Sai ciwon daji ya kama nononta na hagu. Aka cire shi, aka yi ta ɗura mata magani ta jijiya, aka gasa wurin da na'ura. Allah ya sa ciwon ya tafi, amma ya tafi da rabin matar. Ta koma cusa tsohuwar safata a rigar nono. Wata rana ta sunkuya a gaban mai tumatir, safar ta faɗo cikin kwando. Mutumin ya ɗauka ya miƙa mata da ladabi. Tun daga ranar ko ƙofar gida ta daina leƙawa.

Shi ya sa muka je wurin likitar gyara, wata siririyar mata mai tabarau. Ɗakinta ƙarami ne, da gadon gwaji bayan labule da fanka mai ƙara. Ta jawo durowa ta ɗora mini wani abu a hannu, kamar ledar ruwa mai taushi, ta ce irinsa ake sa wa wasu a ƙarƙashin fata. Na matsa shi, na kai kunne.

"In ya yi faci fa?"

"Ba ma za mu kai nan ba, Baba," in ji ta. "Fatar da aka gasa ta yi tauri, ba ta son baƙo. Gara naman jikinta. Za mu yanko fata da kitse daga ƙasan cibiya, tare da jijiyoyin jininsu, mu kawo ƙirji mu haɗa da jijiyoyin can, da zaren da bai kai gashi kauri ba."

"To, faci ke nan."

"Kusan haka. Sai dai namu facin yana da rai."

Ta kai uwar yara bayan labule. Ina jiyo ta tana cewa, "Mama, ina tumbin? Yatsuna biyu sun ƙare shi."

"Tambayi maigida," in ji matata, da ƙarfi don in ji. "Shekara da shekaru yana addu'a ya tafi. An amsa masa."

Likita ta ce mu je ta mayar da jikinta, mu dawo bayan 'yan watanni.

Ni ba na wasa da aiki. Kullum in na taso daga shago sai na biya na yo ƙwai, madara, kaza, burodi, gyaɗa. Sai dai maganin ya kashe mata baki, komai ta ci sai ta ce ƙarfe-ƙarfe take ji. Ta kafa mini sharaɗi.

"Ba na iya ci ni kaɗai. Ci in gani."

Sai in ci ta gani. Ta yi loma biyu ta ture kwano, ni kuma ban iya kallon abinci ya lalace ba. Haka muka yi ta yi, safe da yamma. Mai walda, maƙwabcina a layin shaguna, shi ya fara magana.

"Malam, kamfaresa ka haɗiye? Ko in kawo geji mu auna iskar?"

Na ce ya kula da wutarsa.

Ranar da muka koma, likita ta ɗago kai ta dube ni tun daga ƙofa, ta cire tabarau ta goge.

"Baba, wa na ce ya yi ƙiba?"

Ban yi dariya ba, don na zo da shawara. Na ɗaga riga na kama abin da hannu biyu. "Ga shi nan, ya isa biyu har da canji. Ki yanka."

"Jiki ba ya karɓar naman wani. Sai nata."

"Mun fi shekara ashirin tare."

"Jijiya ba ta san aure ba."

Ta gwada uwar yara, ta ce an samu, amma kaɗan. Zai yi nono ƙarami. In an yarda, sai ta rage na dama ta ɗaga shi, su zo daidai.

Nan na miƙe tsaye. "A'a! Wa ya taɓa yanka lafiyayyar taya don ta yi daidai da mai faci?"

"Baban yara, zauna," in ji matata. "Kai kake ɗauke da shi? Bayana ya daɗe yana karkata gefe guda. Likita, ba ni biro in sa hannu."

Na zauna. Fanka ce kaɗai ta goyi bayana.

Aikin ya cinye yini guda. Da aka bar ni na shiga, tana kwance a lanƙwashe, an tokare mata gwiwa da filo don kar ɗinkin ciki ya ja, ga 'yan robobi suna zuƙe ruwa daga gefenta. Wata nas ta zo ta ɗora wani abu mai kama da biro a kan sabon naman. Sai na ji shuu, shuu, shuu.

Na zabura. A sana'ata wannan ƙara asara ce.

"Yana yoyo!" na ce.

"Jini ne ke gudu, Baba," in ji nas. "In ka ji shiru, shi ne za ka yi ihu."

Duk zuwanta sai na matso da kujera. Ban taɓa jin daɗin ƙarar iska ba sai a ɗakin nan.

Naman ya kama. Da ta warke, da kanta ta ɗauki kwando ta tafi kasuwa, kuma wurin mai tumatir ɗin nan ta fara tsayawa. Cikinta ya shafe kamar na budurwa, har cibiyar an sake mata wuri. Safata ta dawo ƙafata, sai dai yanzu sai na riƙe numfashi kafin in kai hannu in sa ta.

Jiya da safe ina wannan kokawa a bakin gado, ta shigo ta ajiye mini kofi. Na kurɓa, na ji ɗaci. Na san shayin, ni na sayo shi.

"Sha a hankali, Randa," ta ce. "Ɗamarar tana kan ƙusa."