Yayana Ya Hau Mota

Baƙin cikin mutum na wane ne, na wanda ya sha shi ko na wanda ya iya rera shi? Corliss Tate ta yi ta juya tambayar nan a ranta duk bazarar da ta cika shekara sha shida, ba ta sami amsa ba. Mai ba da labarin nan ma bai samu ba.

Ita ce mawaƙiyar ƙungiyarsu ta kiɗan blues, salon waƙar baƙaƙen fatar Amurka, su huɗu 'yan aji ɗaya, a wani ɗan gari cikin gonakin audugar Mississippi. Suna gwaji a garejin su Lavell mai ganga. Murya kam Allah ya ba ta, amma duk waƙoƙin aro ne, sai ranar da kakanta, Dattijo Ozell na cocinsu, ya saki baki suna ɓarar wake a baranda. Ya ce da aka kawo injin tsince auduga, shi aka ɗora a kai, yayansa Booker kuma aka sallame shi. Ranar da Booker ya hau motar Chicago, Ozell na kan injin, ya hango motar a titi, kunya ta hana shi ɗaga hannu. Gawar Booker ce ta dawo.

Kafin mako ya zagayo, labarin ya zama waƙa.

"Ke ja'ira," in ji tsohon da ta rera masa. "Na ba ki amana, kin kai kasuwa?"

"Kaka, ban ambaci suna ba."

"A garin nan? Ko karnuka sun san sunan."

"To in binne ta?"

"Ki yi yadda kika ga dama, bakinki ne. Amma kada ki sa ran jin nawa."

Wannan maganar ta fi tsawa ciwo. A wurinsu ba a barin mawaƙi shi kaɗai. In ya jefa baiti, wani zai amsa daga cikin taro, in ba haka ba ya sha kunya. Ozell kuwa shi ne uban masu amshi. Ko yaro ne ya tashi a coci murya na rawa, "Faɗa musu" ɗin tsohon ke tsayar masa da ƙafa.

Ran Asabar ɗin bikin suyar kifi na gari, aka kafa musu dandali a filin ƙwallo. Ozell na gefe a rumfar coci, yana juya tarwaɗa cikin garin masara, ya ba su baya.

Lavell ya leƙo ta bayan ganga. "Gimbiya, mu tsallake waƙar kawai. Tsohon nan zai hana mu kifi."

"Kai ba ka da tunani sai na ciki. Buga."

Ba don ta tabbata tana da gaskiya ta faɗa ba. Abin da ta sani kawai, in ta yi shiru, Booker zai sake tafiya ba wanda ya ɗaga masa hannu.

Jita ta yi kukanta, Corliss ta buɗe baki: "Yayana ya hau mota, ina kan ƙarfe ban ce sai wata rana ba."

Filin ya yi tsit. Tsofaffi sun gane. Matan da ke fifita suka tsaya, idanu suka koma rumfar kifi. Ba mai amsa waƙar da aka yi kan mutum a gabansa ba da yardarsa ba. Amma blues yakan maimaita baitin farko, don haka Corliss ta miƙe wuya ta sake jefa shi, a hankali, da irin jan muryar da ta koya a wurin kakanta tun tana zama a cinyarsa a coci.

Tsohon ya tsame kifin da ke cikin mai, don ba ya barin abinci ya ƙone. Ya ajiye matsamin, ya goge hannu a gaban rigarsa. Sannan ya juyo, ya ɗaga hannun dama sama.

"Haka aka yi," in ji shi, muryar ta kai ƙarshen fili. "Faɗa musu, jikata."