Dunƙulen Dakta Dusa

Sa na ƙarshe ya ƙi hawa sikeli. Ya kafe ƙafafunsa a bakin katako ya sunkuyar da kai, ma'aikata biyu suna tura shi ta baya, Dakta kuwa yana gefe yana ba da umarnin da babu mai saurara. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya naɗe hannun sabuwar rigarsa, ya kama wutsiya ya murɗa. San ya yi tsalle ya hau, amma sai da ya bar masa tukuici mai ɗumi a kan takalmin da ya sha mai tun da sassafe.

Ɗalibarsa, wadda ke duba allon sikelin, ta faɗi nauyin a hankali kamar mai isar da saƙon rasuwa. Dakta ya ce ta maimaita. Ta maimaita, lambar ba ta canja ba.

A cibiyar binciken dabbobi babu wanda bai san Dakta Dusa ba. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don an ce ko gaisuwa ka yi masa sai ya biyo da kai ta kan dusa. Shekarunsa na aiki duk a kan tambaya ɗaya suka tafi: yaya za a yi shanun nama su riƙe jikinsu da rani, lokacin da ciyawar makiyaya ta bushe ta koma kamar tsintsiya? Amsarsa ita ce wani dunƙule mai girman bulo, na dusa da gishiri da baƙin ruwan rake da wasu sinadarai, wanda shanu za su riƙa lasa suna kiwo. Na farko a babbar tukunyar matarsa ya kwaɓa shi, kuma har yau in an yi baƙi ba ta rasa hanyar da za ta sako zancen tukunyar nan.

Bana ne aka yi babban gwaji. An raba bijimai tsara ɗaya gida biyu, an zuba su a filaye biyu masu ciyawa iri ɗaya, shingen waya a tsakani. Masu shuɗin roba a kunne ana ba su dunƙule. Masu jar roba kuwa ciyawa ce kawai rabonsu, shi ya sa ma'aikata ke ce musu masu jan kunne, wai horo ake yi musu. Lissafin Dakta shi ne in rani ya ƙare shuɗaye za su fito ɓul-ɓul, jajaye kuwa a ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Ga rani ya ƙare, ga sikeli ya yi magana: babu bambanci. In ma za a bi diddigi, masu jan kunnen sun ɗan ɗara.

Dakta ya fara da zargin sikelin. Ya sa aka share katakon, ya hau da kansa. Allon ya nuna daidai lambar da likita ya yi masa faɗa a kanta watan jiya. Ya sauko ba tare da ya dubi kowa ba, ya ce sikeli lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya fi tsaya masa a wuya shi ne la'asar ɗin ranar. Shugaban cibiya ya gayyato wani mai kamfanin abincin dabbobi da ke son ya riƙa buga dunƙulen a buhu-buhu. Shi kansa Dakta ya riga ya shaida wa matarsa cewa wannan aiki ne zai kai shi kujerar farfesa, ita kuma ta shaida wa yayyenta, wanda daidai yake da a sanar a rediyo. Sai kuma ɗalibar. Digirinta na biyu kacokan a kan gwajin nan ya rataya, ga aiki yana jiranta a wani gari bisa sharaɗin ta kammala bana. Duk ranin nan mijinta ne ke goyon jaririnsu ranar hutu, ita tana fili tana yankar ciyawa tana awo.

"Malam, ko mu leƙa filin?" in ji ta.

Suka shiga tsohuwar motar cibiya. Rana ta take tsaka, kujera kamar an ɗora ta a wuta. A hanya ne Dakta ya lura cewa bai taɓa zuwa filin nan a irin wannan lokaci ba. Shi mutumin sanyin safiya ne: ya zo, ya zagaya da hannu a baya, ya gyaɗa kai, ya koma ofis ƙarƙashin fanka kafin rana ta ɗaga. Ma'aikata ma da safe suke sauke dunƙule su wuce.

An riga an mai da shanun. Tun daga nesa suka hango su duka, ja da shuɗi, sun taru a inuwar babbar bishiyar da ke kan iyaka, shinge ya ratsa tsakaninsu. Da suka matso, Dakta ya kashe mota.

Kwamin da ake ajiye dunƙulen yana nan a gindin bishiya, taku ɗaya daga shinge. A ɗaya gefen, wani jibgegen mai jan kunne ya durƙusa a gwiwoyinsa kamar mai neman gafara, ya zura kai ta ƙarƙashin wayar ƙasa, ya miƙa wuya, ya zaro harshe, yana lasa yana lumshe ido. Bayansa wasu suna tsaye suna jiran layi cikin ladabi. Wayar ta lanƙwashe ta yi sheƙi saboda gugar wuya, ƙasar wurin ta zama fako, ko tsinke babu. Wannan ba aikin yau ba ne, ba kuma na jiya ba.

Ɗalibar ta tambaya, a hankali, ko wa ya matso da kwamin nan, don ita ta san a tsakiyar fili aka fara ajiye shi.

Dakta ya san wanda ya matso da shi. A farkon rani ya ga dunƙulen yana narkewa a rana, ransa ya ɓaci, ya sa aka ja kwamin zuwa inuwa. Har ya tsaya ya yi wa ma'aikata ɗan jawabi a kan muhimmancin lura da ƙananan abubuwa.

"Wani babban masani ne," ya ce. "Kin san shi. Yanzu haka kashin shanu ne a takalminsa."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Ta juya baya tana gyara mayafi.

A hanyar komawa kan Dakta kasuwa ce. Ya san yadda ake yi. A cire jajayen da suka fi nauyi, a ce sun fita daga tsari, sauran lissafin zai miƙe da kansa. Kuma wa ya sani, wataƙila dunƙulen yana aiki. Ai ga shi duk wanda ya lasa bai rame ba. To amma wataƙila ciyawar bana ce ta yi kyau. Gwajin da zai raba gardama shi ne wanda ya rusa da hannunsa. Ya saci kallon ɗalibar. Ita ce za ta buga lambobin in ya ce a cire, kuma ba za ta yi masa musu ba. Wannan ne ya fi ba shi tsoro.

Shugaban cibiya ya tare shi a baranda. Da ya ji labari a taƙaice, sai ya kama hannunsa ya ja shi gefe, ya ce ba a tona ciki a gaban baƙo, Dakta ya faɗi kawai cewa sakamako yana da ƙarfafa gwiwa, sauran bayani sai an zauna. Dakta ya ce to, ranka ya daɗe.

Ɗakin taro ya sha labule sabo. An jera ruwan roba, an ɗora dunƙule ɗaya a kan faranti a tsakiyar tebur kamar kayan gado. Mai kamfani, wani ƙaƙƙarfan mutum mai wayoyi biyu, ya zauna yana juya makullin mota. Shugaba ya gabatar da Dakta da kirarin da bai taɓa yi masa ba ko a takardar ƙarin girma.

Dakta ya miƙe. Ya buɗe baki da niyyar ƙarfafa gwiwa, sai ya hango ɗalibar a kujerar baya ta ƙura masa ido. Abin da ya fito daban.

Ya ba su labarin tun daga kwami har zuwa durƙuson sa. Bai rage komai ba, har jawabin da ya yi wa ma'aikata ya maimaita musu. Ya ce ya shafe rani guda yana kwatanta shanun da ke lasar dunƙule da shanun da ke lasar dunƙule, kuma yana farin cikin sanar da cewa bai sami wani bambanci a tsakaninsu ba.

Shugaba ya dubi silin. Mai kamfani kuwa ya yi dariya har da buga tebur, ruwan roba ya faɗi. Da ya share ido, ya ce shi wannan ya ishe shi. Abin da sa zai durƙusa dominsa ai ya gama tallar kansa. A kawo takarda a sa hannu, hoton san ma za a buga a jikin buhu.

Dakta ya dubi dunƙulen da ke kan faranti. Ya shirya wa kunya, bai shirya wa wannan ba. Shugaba ya sauko da idonsa daga silin, fuskarsa ta washe.

"Ranka ya daɗe," in ji Dakta, "na tabbatar yana da daɗi. Ko yana sa ƙiba, wannan ban sani ba. Wanda zai saya kuwa ba don daɗi zai saya ba. A ba ni rani ɗaya."

Mai kamfani ya dube shi kamar yadda ake duban wanda ya tsinci abu a hanya ya bi mai shi da gudu. Ya tattara wayoyinsa, ya ce ba laifi, baɗi in Allah ya kai mu, in wani bai riga shi ba. Shugaba ya raka baƙo har mota, da ya dawo ya wuce Dakta a baranda kamar ya wuce ginshiƙi.

Ɗalibar tana bakin ofis tana jira. Dakta ya ce ta shigo. Ya gaya mata cewa awon ciyawar da ta yi duk ranin nan, na yadda fili ke farfaɗowa in an hutar da shi, shingen bai taɓa shi ba. Da ma ya ware shi ne don wata maƙala tasa, wadda yake lissafin za ta cika masa sharaɗin farfesa. Yanzu nata ne. Ya isa digiri har da rara, in ta dage za ta gama bana.

"Malam, kai fa?"

"Ni ina da shanu masu ƙaunata. Ba kowane farfesa ke da wannan ba."

Ya kira gida. Matarsa ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya ko ya ci wani abu tun safe. Ya ce a'a. Ta ce to ya dawo da wuri, yayyenta kuma ya bar ta da su.

Bai dawo da wuri ba. Ya buɗe durowa ya ɗauki tef ɗin awo, ya sake hawa tsohuwar motar. A shekarunsa na aiki ya auna tumbin sa, ya auna ƙirjinsa, ya auna abin da yake ci da abin da yake fitarwa, amma bai taɓa auna wuyansa ba, kuma gwajin baɗi yana buƙatar wannan lamba kafin kowace.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya isa. Jibgegen yana kwance kusa da shinge yana tuƙa. Dakta ya tsuguna a gabansa ya warware tef, ya ɗora bakinsa a kafaɗar san, ya fara ja zuwa hanci. San ya ƙyale shi har ya kusa kaiwa, sannan ya miƙa wuya ya ƙara tsawon taku guda, ya lashe masa kunne.

Dakta ya goge kunnen da hannun riga, ya ƙara warware tef ɗin.