Girkin da Aka Karɓe wa Sailuba

Tun da Bukar mai shagon taya ya fara ramewa, unguwa ta ɗora laifin a kan matarsa Sailuba. Ita kuwa jikin gidansu ta ɗauko, ko ruwa ta sha sai ya zauna mata. To miji kamar sillen kara, mata tana cika ƙofa, me kuke so mutane su ce?

Yayarsa Falmata ta taso daga Doma da akuya ɗaure a bayan mashin. Ko zama ba ta yi ba.

"Ke Sailuba, miƙo ludayin nan. A gidanmu namiji ba ya bushewa sai in ana tsame masa nama."

"Yaya, wallahi har a baki nake ba da shi."

"Na ga alama. Bakin wa?"

A dangin Bukar, in aka karɓe wa mace girkin mijinta, an gama da ita, ko gaisuwarta da hanci ake amsawa. Sailuba ta koma wanke-wanke. Falmata ta yi farfesu, ta yi kifi, ta yi ƙwai, tana tsaye a kansa sai ya haɗiye. Wuyan riga dai sai ƙara faɗi yake.

Da aka kai shi asibiti, likita Fanen, wata 'yar ƙabilar Tibi, ta zaunar da Sailuba da Falmata. Ta ce ƙari ne na ciwon daji a cikinsa. Ta ce naman da mutum ya ci narkewa yake ya bi jini, kuma kowace ƙwayar halitta tana da 'yan ƙofofi, ba ta buɗewa sosai sai saƙo ya zo mata cewa ta ɗiba. Shi ƙarin nan saƙonsa ba ya yankewa, ƙofofinsa a wangale, yana ta zuƙa, tsoka kuma tana zubar da nata.

"Ba laifin mai girki ba ne," in ji likita.

A bakin titi Sailuba ta riƙo gefen mayafin Falmata. "Yaya, kin dai ji. Don Allah ki faɗa musu a gida."

Falmata ta fizge. "Ni ban gane Hausar yarinyar nan ba."

Bukar bai ga sabuwar doya ba. Ranar zaman makoki Sailuba tana kan tabarma a lungu, dangi suna wuce ta kamar turmi, ta ji Falmata tana share hawaye tana gaya wa mata: "Da an kira ni da wuri, da ba a kai ga haka ba."