Nonon da Hauwa'u Ta Ɗaga

Shekara tara ke nan da Hauwa'u ta ɗaga wa ɗanta nono. A tsakar gidansu na Jabo aka yi, ranar da autanta Nuraddeen ya kora shanun huɗar ubansa kasuwar Kebbe ya sayar, ko kwana arba'in ba a yi da binne uban ba. Zuciya ta ɗebe ta, ta yaye zane, ta ɗaga na hagu, ta ce ba ta yafe abin da ya sha ba. Ya fita bai waiwayo ba, ya yi Kurmi. Tun daga nan ba ta ƙara jin labarinsa mai daɗi ba. Ya buɗe shago, gobara ta cinye. Ya haifi 'ya'ya biyu, babu wanda ya kai yaye.

Kullum tana cewa idan ya dawo za ta ɗaga masa nonon nan ta janye bakinta. Shi tsoro ya hana shi dawowa, ita kuma taurin kai ya hana ta aikawa, don Hauwa'u ba ta iya lanƙwasa ba. Ana haka sankara ta kama nonon, shi ɗin dai, na hagu, aka cire shi a wani asibiti a Sakkwato.

'Yarta Anisa, ma'aikaciyar lafiya a Tambuwal, ita ta kawo maganar cewa ana iya gina wani a gurbinsa. Ta zaci tsohuwa za ta ce ba ta son iyayi. Sai ga Inna ta riga ta ɗaukar mayafi.

Likita ta yi musu bayani dalla-dalla. Akwai jaka mai taushi da ake sakawa ƙarƙashin fata, akwai kuma ɗebo nama daga ciki ko daga baya a haɗa.

"Na cikin nika so," in ji Hauwa'u. "Nan yaz zauna wata tara. Naman ya san shi."

Likita ba ta gane ba. Anisa ta gane, ta sunkuyar da kai.

A hanya ta ce, "Inna, Malam Rufa'i ya faɗa miki, da baki kinka yi, da baki za ki yafe. Ba sai da nono ba."

"Malam bai shayar da kowa ba."

Mako uku ana gwaje-gwaje. Daga ƙarshe likita ta zaunar da su ta ce aikin ba zai yiwu ba. Hawan jini da ciwon suga sun yi yawa, fatar ƙirjin kuma ta ƙone da gashin na'ura da aka yi mata don kashe sankarar. Ta miƙo wata rigar mama mai ciko, ta ce idan aka sa babu mai ganewa. Hauwa'u ta karɓa ta yi godiya, ta riƙe ta a cinya har Jabo. Baƙin ciki ya cika ta, ta ga ta kashe yaronta da jira.

Washegari da hantsi Anisa ta kira lambar Nuraddeen ba tare da shawara da kowa ba, ta ɗora wa uwar waya a kunne.

"Nura," in ji Hauwa'u. "Na yafe maka. Abin da kas sha halal na, duniya da lahira."

Ƙarar motocin wani gari na tashi a cikin wayar. Da ya yi magana, muryar ta wani magidanci ce da ya gaji.

"Inna, Yaya Anisa ta ce an yi miki aiki. Wanne anka cire?"

Nan ta gane shi ma shekara tara yana tuna ko wanne ne. Hannunta yana kan tabon, wurin a shafe kamar faifai.

"Na dama," ta ce. "Na hagu ga shi nan, na ɗaga maka."

Kuka ya ƙwace masa, yana hamdala, yana cewa yau zai yi barci. Anisa ta buɗe baki, uwar ta girgiza mata kai.

"Inna, zan taho gida ƙarshen wata, in gan ki."

Hauwa'u ta dubi ƙirjinta.

"Kar ka zo tukuna," ta ce. "Hanya ba ta da kyau."