Shafi Ɗaya Duk Kwana Uku

Ana kokawar saka shi cikin keke mai ƙafa uku don kai shi asibiti ya riƙe ƙarfen ƙofar, ya ƙi shiga.

"Ku kira mini Ogutu," in ji shi.

"Ga shi nan tsaye a bayanka tun ɗazu, kamar ya zo kallon gobara," in ji matarsa, Min Akumu, wato uwar Akumu, tana tura jakar kaya ƙarƙashin kujera.

Japuonj Oyier ya juyo da ƙyar, ya gan ni. Shekararsa tara da barin koyarwa, amma duk layinmu na Nyalenda ba wanda ke kiransa da wani suna sai Japuonj, wato malamin makaranta. Ya ciro mabuɗi daga wuyansa, ɗaure da igiyar takalmi, ya danƙa mini.

"Shafi ɗaya duk kwana uku, omera, ɗan'uwana. Mai launuka huɗun nan. In an bar injin bugun nan tawadar za ta bushe a bakinsa. Kai da kanka ka gaya mini."

"Ku ji mutum," in ji Min Akumu. "Ƙafafu sun kumbura kamar turmi, ƙoda ta ƙi aiki, shi inji ne a ransa. Ni da na yi shekara arba'in ina dafa maka tuwo ba ka bar wa kowa amanata ba."

"Ke ba kya bushewa, bakinki kullum a jiƙe yake."

Mai keken ya yi dariya, ya tayar. Na tsaya da mabuɗin a hannu, da sauran ɗumin ƙirjinsa a jikin ƙarfen.

Ni a aji shida na bar makaranta. Da wata tafireta da aka yar na koya wa kaina bugu, harafi bayan harafi, har na buɗe ɗan ofis a ɗakin gaban gidana. Shekara ashirin da biyu duk wanda ke son takardar neman aiki, ko ta sayar da fili, ko takardar jana'iza, ƙofata yake bugawa. Daga baya na samu kwamfuta ta hannu da wani tsohon injin bugu mai amfani da garin tawada, baƙi kawai ya sani, kuma yana barin toka-toka a gefen hagu. Ba wanda ya taɓa kuka da shi, don ba wanda ya san wani.

Sai Akumu, 'yar Japuonj mai aikin jinya a Mombasa, ta ce wa ubanta ya je ya zaɓi firinta duk wadda ransa ke so. Wurina ya zo, da hularsa a hannu.

"Kai ne likitan injuna, raka ni kada su yanke ni."

A shagon, mai kayan ya tura mana wani ƙarami mai araha. Na ce masa ya buɗe cikinsa. Na nuna wa Japuonj 'yan akwatunan tawadar, kowanne bai kai gidan ashana ba.

"Wannan sati biyu ya shanye, ka dawo ka sayi wani akwatin. Injin ne tarko. Ɗauko mana wancan na sama, mai tanki a gefe."

Na yi masa bayanin yadda ake zuba tawadar daga kwalba kamar ana zuba kananzir, baƙi da shuɗi da ja da rawaya. Na tambayi kaurin takardar da yake iya ja, na sa aka buga hoto muka gani, na ɗaga murfin kwafi na duba gilashinsa. Mai shagon ya daina kallon Japuonj, ni yake kallo. Wannan injin shekara uku ina leƙensa ta gilashin shagon duk sanda na shiga gari. A kan cinyata na rungumo shi har gida, na ajiye shi a teburin wani.

Na sha tambayar kaina me ya sa na zaɓa masa mafi kyau. Da na ce ya ɗauki ƙaramin, da ya ɗauka ya yi mini godiya. Ina son in ce ƙauna ce. Amma na tuna fuskar mai shagon, na kuma san so na yi a san na sani.

Bango ɗaya ya raba ofishina da ɗakinsa. Da safe ina jin injin, shif, shif, kamar mace tana shara a hankali. Kuma Japuonj ba ya karɓar ko sisi. Waƙoƙin coci, hotunan baftisma, takardun ƙungiyar mata masu sayar da kifi, duk ya buga ya miƙa, har da shayi. Mutanen da na rubuta wa wasiƙun neman aure, na kuma rubuta wa 'ya'yansu na neman aiki, suka riƙa wuce ƙofata suna gaishe ni da ƙarfi fiye da da. Matata Perpetua ta kai masa hoton mahaifiyarta, ta dawo da shi da jan ɗankwali rangaɗau, ta rataye shi daidai saman injina.

"Aƙalla Mama ta fito kamar mutum," ta ce. "Naka fitar da jama'a yake kamar an tono su daga murhu."

Wata uku kafin ciwon ya kwantar da shi ya kira ni ya nuna mini wani abu a kwamfuta. Takardar jana'izarsa ce, ya tsara ta da kansa: tarihinsa, waƙoƙin da za a yi, da hotonsa cikin shuɗiyar kwat da jan laktaye. Ranar mutuwa kawai ya bari a buɗe.

"A nan za a buga ta, a ɗakin nan, da launi. Ka tuna ta yayana? Fuska kamar gindin tukunya. Mutane suna juya takardar suna neman inda hanci yake. Ba za a binne ni haka ba."

Ya yi ta dariya har da tari. Ni na buga takardar yayansa. Ko ya manta, ko bai manta ba, har yau ban sani ba.

To, duk kwana uku nakan je. Wannan kam ban fasa ba. Min Akumu tana asibiti wajen jinya, gidan shiru. In buɗe ɗakin, in yaye farin ƙyallen da ya rufe injin, in zauna a kujerarsa mai taushi. A bango akwai ƙusa da ya tsire shafukan gwaji a jikinta, kowanne da layuka huɗu masu launi. Rana tana shigowa ta taga tana sauka daidai kan injin. Maɓallin kunnawa yana nan, bai kai taƙi ɗaya daga hannuna ba. In zauna kamar rabin awa, in mayar da ƙyallen, in kulle.

Na ce wa kaina ban taɓa masa kaya ba. Ban fasa ba, ban sata ba, ban zuba masa ruwa ba. In tawada ta bushe, zafin garinmu Kisumu ne ya busar da ita. Shin wanda bai yi komai ba ya yi wani abu? Na riƙa juya tambayar nan ina tafiya, ina cin abinci. Kuma a makonnin nan mutane suka dawo ƙofata, bangon ya yi tsit, ni kuwa ina barci mai daɗi. Daɗin barcin shi ya fi damuna.

A mako na shida Min Akumu ta zo ɗaukar zanin gado, ta leƙo ofishina.

"Abokinka ya ce ka kawo masa shafin da ka buga na ƙarshe. Wai yana son ya ga lafiyar ɗansa."

Ban kunna ba ko a ranar. Tsoron abin da zai fito nake yi. Na zare shafi ɗaya daga can ƙasan ƙusar, na yanke gefen da ya huje da almakashi, na sa shi a ambulan.

Na same shi ya rame, fatar ta yi fari-fari, an sa masa roba a hannu. Ya karɓi takardar, ya ɗaga ta wajen hasken taga, ya bi layukan da yatsa. Sannan ya juya bayanta. Ya duba na ɗan lokaci. Ya sake juyo gabanta.

"Jan ya fito da kyau," ya ce.

"Ya fito."

"Ja shi ne ke fara toshewa, ko ba haka ka ce ba?"

"Haka ne, Japuonj."

"To madalla." Ya ninke ta ya sa ƙarƙashin matashi. "Ya kasuwa, omera? An dawo maka?"

Na ce muna lallaɓawa. Ya ce in gaida Perpetua, in ce mata miyar kifin da ta aiko gishiri ya yi mata kaɗan, likita ne kaɗai ya yaba.

Ranar Laraba ya rasu, da tsakar rana. Ina cikin buga wa wani takarda na ji kukan Min Akumu tun daga bakin titi, tana kiran sunansa da sunan ƙauyensu, mata suna fitowa daga gidaje suna amsawa da hannuwa a ka. Wata mai soya kifi ta bar kaskonta a wuta, layin duk ya ɗauki ƙauri.

Da aka sa ranar binnewa a gidansu na Seme, Akumu da uwarta suka kira ni ɗakin. Na rubuta ranar a gurbin da ya bari. Na danna maɓallin. Injin ya yi gurnani, ya ja takarda, shif, shif. Abin da ya fito mutum ne kore kamar ganyen ayaba, laktayen ya koma ruwan ƙasa, fararen layuka sun yayyanka fuskar.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Akumu. "Baba ya ce kai ke kula da shi."

Ta juya wajen uwarta.

"Mama, mu kai gari kawai. Guda ɗari biyu ne, kafin yamma sun gama."

"Ubanki ya ce a nan."

"Mama, dubi fa. Kamar ƙadangare."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. Je ki duba masu girki."

Da ta fita, Min Akumu ta kwance bakin zaninta, ta ciro takarda a ninke, ta ajiye a kan injin.

"Ya ce in ba ka bayan ya tafi, kada in ba ka kafin nan. Ni ban iya karatun hannunsa ba, tun yana da lafiya ma. Jumma'a ake ɗauko shi. Kana da kwana uku."

Shafin da na kai masa ne. Na juya bayansa. A kusurwa, da fensir, ga kwanan wata cikin kyakkyawan rubutunsa na malami, wata biyar da suka wuce. Ashe a baya yake sa wa kowanne rana. Ƙarƙashinsa kuma da rubutu mai rawa, layin yana gangarowa ƙasa: "Ogutu, ruwa mai ɗumi da sirinji. Kada ka matsa da ƙarfi. Kai ka koya mini."

Na karanta sau uku ina neman zagi a ciki. Da na samu, da na ji sauƙi. Abin da ya fara zuwa raina, kunya ma sai daga baya ta zo, shi ne: ko a nan ma ya fi ni.

Na sayo sirinji da tataccen ruwa a kantin magani. Na ciro kan injin, inda tawadar ke fitowa, na ɗora shi a kan tsumma mai ɗumi, na riƙa tura ruwan a hankali ta hanyar jar tawadar. Ranar farko ba abin da ya fito. Rana ta biyu tsumman ya yi wani ɗan tabo kamar an soki yatsa da allura. Perpetua ta kawo mini shayi, ta dubi hannuwana da suka rine har wuyan hannu.

"Kamar ka yanka kaza," ta ce. Ba ta ƙara komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

Ranar Alhamis da hantsi fuskar ta dawo. Kwat shuɗiya, laktaye ja, goshin nan mai sheƙi. Sai layi ɗaya fari, siriri kamar zare, da ya ratsa daga kafaɗa zuwa kafaɗa ta ƙarƙashin haɓa. Na wanke, na sake wankewa, ya ƙi tafiya. Na kai wa Min Akumu a tsakar gida, tana zaune a tabarma cikin mata.

"Akwai saura," na ce. "Ƙofar tawada ɗaya ta mutu. Ni na..."

Ta karɓa ta nisanta da idonta.

"Yana da ido biyu?"

"Yana da."

"Ana ganin hanci?"

"Ana gani."

"To shi ne. Je ka buga, Ogutu, kada ka tsaya mini a ka."

Na buga ɗari biyu a kujerarsa, ina shanya su a kan gado da tebur da ƙasa don kada su manne, har ɗakin ya cika da shi yana kallon rufi.

Ranar Asabar a Seme rana ta buɗe sosai, ko iska babu daga tafkin da ke kusa. Aka cika rumfa, fasto ya ja wa'azi, dangi suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Na zauna can baya, da hannuwana a tsakanin gwiwoyi, don jan bai gama fita daga ƙarƙashin faratana ba. A gabana mata sun gama karanta takardar, sun mayar da ita mafici. Duk inda na duba Japuonj ne cikin jan laktaye, yana zuwa yana komawa, da farin zaren nan a ƙarƙashin haɓarsa.