Shekarar Fari

Farfesa ya jawo kujerarsa kusa da teburin cin abinci, ya gyara tabarau, ya ƙura wa taswirar ido. Jajayen ɗige-ɗige sun cika fuskar kwamfutar 'yarsa, kowanne yana nuna ƙauyen da aka taɓa yin fari.

"Baba, duk hirarrakin da ka yi da tsofaffi tun ba a haife ni ba, na sa na'ura ta karance su," in ji ta. "Aikin da ya cinye maka ƙuruciya, kafin shayi ya huce ta gama."

"To, sai ki ba ta shayin."

Ta yi dariya. A kan wannan taswira ta gina kundin digirinta na uku, wanda za ta miƙa a ƙarshen mako. Hujjarta ita ce rashin ruwan sama ne ya tashi mutanen yankin da ya yi hirarrakin daga gonakinsu.

Wani ɗigo a bakin kogi ya tsaya masa a rai. Ya san wurin, don ya taɓa barin takalminsa a taɓonsa. Ya ce ta buɗe. Shafin da ya buga da tafireta ya bayyana: "A shekarar fari muka tashi."

"Uwata, me kika fahimta a nan?"

"Fari mana. Rashin ruwa."

"Ko kuwa jam'in fara, masu cinye amfanin gona. Baki yana jan wasalin, takarda ba ta ja. Ban sa wata alama ba, domin a lokacin muryoyin suna cikin kunnena."

Murmushinta ya ɗauke. "Guda nawa ne haka?"

"Allah masani."

"Babu wanda zai lura a cikin masu jarrabawar, Baba."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Can ta yi ajiyar zuciya, ta buɗe muryoyin kaset-kaset ɗinsa da ta kwashe zuwa kwamfuta, ta lalubo ta wannan ƙauyen, ta maƙala masa abin sauraro.

Ya gane muryarsa ta samartaka tana tambaya, cike da gadara. Amsar tsohuwar da ya tambaya kuwa sai ta zo masa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Ya sa aka maimaita, aka ƙara sauti. Daga bisani ya cire, ya miƙa mata.

"Kunnuwan ma sun yi ritaya. Ji mana."

Ta rufe ido tana saurare, shi kuma yana kallon leɓɓanta.

"Ta ja wasalin," ta ce a hankali. "Har ta ce sun rufe rana."

Ta goge ɗigon. Ta daɗe tana duban sauran, waɗanda dole a bi su ɗaya bayan ɗaya da kunne, sannan ta ɗauki waya.

"Me zan ce wa malamin da ke duba aikina?"

"Ki ce masa fari sun sauka a babi na uku."