Gado na Tara

Sulekha tana cikin matse gefen zanenta na sari da ruwan sama ya jiƙa aka kira lambarta. Ta miƙe, gwiwarta ta yi ƙara, 'yan matan da ke layin jarrabawa suka sunkuyar da kai suna murmushi. Babu wadda ta kai talatin a cikinsu. Ita kuwa ta shafe shekara ashirin da bakwai tana gashin ƙashi da motsa gaɓoɓin tsofaffi a wani asibiti a birnin Kozhikode, sai bara aka fito da doka: wanda ba shi da takardar ƙwarewa kan kula da tsofaffi ba zai riƙe sashensu ba. Ta ci jarrabawar rubutu da ƙyar. Yau saura ta gwaji, a wani asibiti dabam, kan majinyaci na gaske. In ta faɗi, sai ta miƙa mabuɗin sashenta ga wani.

Dakta Aswathi, mai jarrabawar, ta duba takarda. "Gado na tara. Shekara tamanin da huɗu. Ya faɗi a banɗaki ya karye a ƙugu, an yi aiki sati uku ke nan, ya ƙi tsayawa. Kina da minti ashirin."

Sulekha ta ja labule, sai ta tsaya cak. Tsohon ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa, amma girar nan mai kauri ba ta canza ba. Malam Chacko ne.

"Na san shi," ta ce ƙasa-ƙasa. "Malamina ne."

"Rabin masu wannan aiki a garin nan ɗalibansa ne, Anti. Shi dai yanzu ba ya gane kowa. Lokaci na tafiya."

Ta gaishe shi, ya dube ta kamar mai tallar da ba a kira ba. Ta tuna ɗakin da yake koyar da su a da, can bayan wurin wanki, inda warin narkakken kakin gasa gaɓoɓi ba ya barin tufafin mutum. Babu na'ura ko ɗaya. Buhunan yashin motsa jiki matarsa ce ta ɗinka su, igiyar ɗaga ƙafa kuwa daga rijiyar gidansu ya kwance ta. Ƙarfe huɗu zai aika a sayo baƙin shayi da soyayyar ayaba, ya jera su su shida yana tambayar sunayen tsokoki. Wanda ya kasa, sai dai ya kalli ayabar.

Ta fara abin da takarda ta tsara: ta auna jininsa, ta duba ɗinkin, ta tambaye shi ranar yau. Ya kawar da kai. Da ta kama ƙafarsa za ta lanƙwasa, sai ya ɗaka mata duka a bayan hannu.

"Wane jakin ne ya koya miki? Kifi kike ɗauka a kasuwa? Tallabi dunduniyar!"

Dariya da kuka suka taso mata tare, ta haɗiye su. "Yi haƙuri, Malam. Haka?"

"Da dama-dama."

Nan ta ajiye takardar. Ta gane ba ƙafar ce ta hana shi tashi ba, tsoro ne, kuma mutum irinsa ba zai faɗa da bakinsa ba.

"Malam, ni sabuwa ce. An ce in tsayar da tsoho mai karayar ƙugu, ban san ta ina zan fara ba."

Ya yi tsaki. "Yaran yanzu! Ai sai ki zaunar da shi tukuna, jiri ya sake shi." Ya miƙo hannu, ta zaunar da shi. "Ƙafafu a ƙasa. Ki toshe gwiwarsa da taki. Kada ki ja shi, ba akuya ba ne. Ki ce ya kawo hancinsa saman yatsun ƙafarsa."

"Daga nan fa?"

"Daga nan sai ya tashi mana!"

Ya kuwa tashi. Jikinsa na rawa, farcensa ya nutse a kafaɗarta, amma ya tsaya da ƙafafunsa. Ya dubi ƙasa, ya dubi taga inda ruwa ke zuba kan ganyen kwakwa. A da sai ta ɗaga kai take ganin fuskarsa. Yau kansa bai wuce haɓarta ba.

"Lokaci ya cika," in ji Aswathi.

Sai bayan azahar aka kira ta ofis. Aswathi ta ce, "Kin tsallake tambayoyi biyar na gwajin tunani, kuma kin yi wa majinyaci ƙarya. Abokin aikina da muke ba da maki tare ya so ya kayar da ke, muka yi ta ja. Kin haye da maki biyu."

Sulekha ta yi godiya, amma ba ta nufi tashar bas ba. Ta koma wajen nas ɗin ɗakin ta tambaye ta su wa ke jinyarsa. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aiki a Dubai, tana bugo waya ranar Lahadi. Jibi za a kai shi gidan tsofaffi.

"Akwai gado a sashena," in ji Sulekha. "Ba ni lambar 'yar, da takardar neman canjin asibiti."

Ta cike takardar a tsaye, har ta zo layin da aka rubuta dangantaka da majinyaci. Nas ɗin ta leƙo.

"Ki sa ma'aikaciyar lafiya kawai, Anti."

Sulekha ta ɗan jujjuya biron, sannan ta rubuta: ɗalibarsa.